Yaƙin Malam Tanimu da Warin Akurki

Da sunan Mai kowa mai komai muke buɗe tarihin sadauki Malam Tanimu, ɗan Barau Karya-garma, jikan Jatau wanda ya taɓa korar biri daga gonar gero da tari kawai. Shi ne Garkuwan Kaji, Barden Bayan Tasha, ma'abocin akurki mafi girma a unguwarsu, kuma mafi wari.

A daminar da abin ya faru, warin kashin kajinsa ya yi hawa, ya tsallake katanga, ya ci gidajen maƙwabta da yaƙi, har ya kai farmaki sahun farko na masallaci. Jama'a suka kai kuka ga mai unguwa, shi kuwa ya yanke hukunci: ranar Juma'a zai zo da hancinsa, in ya ji wari, kaji sun bar unguwa. Ga shi kuwa ƙwan kajin nan ne cefanen gidan Tanimu.

Ana cikin wannan musiba sai ya ji malamin gona a rediyo yana bayanin wani gawayi da ake yi da totuwar masara, wai shanye wari yake kamar yadda soso ke shan ruwa. Nan take sadauki ya miƙe, ya ɗaure wando, ya yi kururuwa: "Yau ko ni ko wari!"

Ya bi masussuka yana tattara totuwa, ya ɗura ta a tsohuwar ganga, ya liƙe bakin da laka don kada iska ta shiga, ya hura mata wutar da ta ƙone masa rabin gemu. Ya jiƙa gawayin a ruwan lemon tsami, ya wanke, ya sake mayar da shi wuta, yana hawaye yana kabbara, har maƙwabta suka fara tunanin ko warin ne ya taɓa masa kai. Buhunan totuwa suka ƙare a ƙwarya guda ta baƙin gawayi mara nauyi. Bai gaya wa matarsa Lantana komai ba, don a ganinsa sirrin yaƙi ba na tsakar gida ba ne.

Da hantsin Juma'a ya shanya ganimarsa a tabarma, ya tafi wurin tela ɗinko 'yan jakunkunan da zai rataye ta a akurki. Lantana kuwa ta ji babban baƙo na tafe, ga gawayi an shanya mata har ƙofar ɗaki. Ta cika dutsen guga ta goge wa mijinta babbar riga, ta dafa shayi, ragowar ta juye a kasko ta barbaɗa turaren wuta mai tsada.

Sadauki ya dawo tare da mai unguwa, ƙirji a gaba, jakunkuna a hannu. Ya dubi tabarma, wayam. Ya dubi kasko, ga wahalarsa tana ci jajur.

Mai unguwa ya ja numfashi ta gabas, ya ja ta yamma, ya leƙa akurkin da hayaƙin turare ya lulluɓe har kaji na atishawa.

"Masha Allah! Ai gidan nan ya fi nawa ƙamshi. Malam Tanimu, riƙe kajinka. Amma ka gode wa mai ɗakinka, don na san ba aikinka ba ne."

Tanimu ya buɗe baki zai kawo tarihin ganga da lemon tsami, sai ya tuna turare ba ya kwana, in ya tona asiri kaji sun bar unguwa, ya rufe bakinsa. Ya raka baƙo har ƙofa, ya dawo ya zauna a kan gangar, daɗi da takaici duk sun cika masa ciki.

Lantana ta miƙo masa shayi.

"Malam, gawayin nan naka ko hayaƙi ba ya yi. Gobe ka ƙona mini wani, na yi wa matar mai unguwa alkawari."