Ranar da Na Faɗo Daga Sama a Bayan Aji

Ba zan taɓa mantawa da bikin raba kyaututtuka na firamaren da nake koyarwa a Birnin Gwari ba. Hedimasta ya ce in ba da tarihin mutumin farko da ya je sararin samaniya: ɗan kafinta, ɗan ƙauye kamar mu, ya zama matuƙin jirgi, ya zagaya duniya sau ɗaya, ƙasarsu ta ɗauke shi a ka. Karantawa kawai aka ce in yi. Amma babban baƙo a ranar Alhaji Sani ne, mahaifin Zulai da nake nema, kuma har lokacin bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai shaiɗan ya ce mini, burge shi.

Na karanta cewa da lemar dirowa daga jirgi mutumin ya sauko cikin wata gona, har wata manomiya ta tsorata. Nan na zaɓa in kwaikwaya. Na ari hular kwano wajen wani ɗan acaɓa (hular mai baƙin gilashi ce, kuma ta yi wa ƙaton kaina kaɗan), na zura rigar ruwa, na goya tankin feshin ciyawa a matsayin tukunyar iska. Ban gaya wa kowa ba, wai kada a rage armashi.

Ana cikin jawabi na ɓullo daga masarar bayan aji, ta ɓangaren daji, fuska a rufe, sandar feshi a hannu, ina ɗaga ƙafa a hankali kamar mai tafiya a taɓo. A Birnin Gwari fa, jama'a.

Wata uwa ce ta fara salati. Kafin ƙiftawar ido fili ya watse, sai takalma. 'Yan sa-kai biyu suka kai ni ƙasa, ɗaya ya haye ruwan cikina. Ina ta ihu, "Ni ne malamin aji biyar!" amma hular ta haɗiye muryata, kuma ta ƙi fita. Sai da aka shafa mini man gyaɗa a wuya.

Kaina na fitowa na hangi Alhaji Sani yana rarrafowa daga ƙarƙashin tebur, ba hula. Ya kakkaɓe babbar rigarsa, ya saurari bayanina har ƙarshe.

"Malam, shi wancan da ya sauka a gonar, bai ce komai ba?"

"Baba, cewa ya yi kada su ji tsoro, shi ɗan ƙasa ne kamar su."

"To ka gani, shi yana da tarbiyya."

Kunya ta kama ni har na fi son a mayar mini da hular. Sai da kawuna ya je ban haƙuri sau biyu kafin a ba ni Zulai, kuma har yau surukina yana kirana Na-Sama, ko a gaban 'ya'yana. Ni dai na ɗauki darasi: ko daga sama ka faɗo, fara yin sallama tukuna.