Wankan Kwance

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen Tudun Wada ba za su bar ni ba, da wata ranar Juma'a da aka yi rasuwata alhali ina raye. Yau shekara nawa, gemuna ya yi fari fat, amma in na wuce majalisar tsofaffin unguwarmu sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Marigayi, an fito?" Ni kuma in amsa, don ba ni da bakin musu.

Lokacin nan ne da kuɗin mai suka sauko ƙasar nan kamar an ɓalle bakin buhu. Naira tana sabuwa, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, wanda jiya yake tura keke yau yana danna maka hon. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a wani ofishin gwamnati a Zariya, sai ga sunana cikin waɗanda za a tura kwas na wata shida a Ingila. Abin da aka tura ni in koyo, Allah ya sani, rabinsa a jirgi na bar shi. Abin da na dawo da shi cikakke shi ne wanka.

A can wani abokin karatu ya kai ni gidan wanka na kuɗi. Ka biya a ƙofa, a ba ka farin tawul, a tura ka wani ɗaki mai tururi ka zauna kana zufa tare da wasu ƙarti masu jan tumbi, babu mai ce wa kowa uffan. Daga nan wani ya murje ka kamar yana kwaɓa fulawa. Sannan a kai ka wani dogon farin baho cike da ruwan ɗumi da kumfa, a toshe maka kunne da auduga don kada ruwa ya shiga, a ɗora maka tawul mai zafi a fuska, ka kwanta. Jama'a, na ji daɗi! Na ce a raina ashe duk shekarun nan ba wanka muke yi ba, jiƙa jiki kawai muke. (Sai daga baya na gane cewa ɗakin tururin nan da na biya kuɗi na shiga sirace ne kawai, wanda tun ina yaro ake yi mini kyauta da tukunya da bargo.)

Ina dawowa na ce tunda ba gidan wanka a Zariya, ni zan gina nawa. Na je Kaduna na sayo baho, aka kawo shi a bayan akori-kura, rabin layinmu suka fito kallo. Malam Habu, limamin masallacin layin, ya zagaya shi sau biyu yana shafa gemu.

"Wannan komin shayar da shanu ne?"

Na ce, "Na wanka ne, Malam. Ciki ake kwanciya."

"A kwanta? Cikin ruwan da dauɗar take fita?" Ya girgiza kai. "To, mu dai a iya saninmu, mai rai a zaune yake wanka ko a tsugune."

Na yi irin murmushin nan na wanda ya ga duniya. Aka rushe bangon banɗaki, aka dasa baho, aka ja famfo, aka sa sabuwar ƙofa. Kafinta ya ce zai dawo gobe ya sa sakata, bai dawo ba, ni ma ban damu ba, tunda gidan ni kaɗai ne. Matata Binta ta tafi gidansu haihuwar fari, tana can tana wankan jego. (Kowa da irin wankansa.)

Yanzu bari in gaya maka wace ce Inna, don in ba ka san ta ba, ba za ka san abin da na yi ba. Inna mahaifiyata ce, tana gidanmu na gado a Gyallesu. Ni ne ɗanta na fari, kuma ka san kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wancan" take ce mini. Ba ta kallon idona, ba ta yi mini magana baki da baki. Matar malami ce, ko bayan rasuwar mahaifina babu wanda ya taɓa ganin ta a zaure da rana, balle a titi. Duk abin da za ta gaya mini, ta bakin Gwaggo Talatu yake zuwa, ƙanwar mahaifina, tsohuwa mai yana a ido amma ƙafarta garau. Wannan kunyar ita ce abin tinƙahon Inna. Mata kan ce wa 'ya'yansu, "Ku je ku koyi kara wurinta."

A satin da abin ya faru mura ta kama ni. Ran Laraba sai ga Gwaggo da ƙullin ganye: darbejiya, ganyen lemun tsami, da 'yar citta.

"Ta ce a tafasa, wancan ya yi sirace, ya yi wanka da sauran ruwan."

Na dubi ƙullin, na dubi ƙofar sabon banɗakina, na ce, "Gwaggo, mayar mata. Ki ce mata mun wuce nan. Ina da maganin asibiti, ina da baho."

Gwaggo ta ce, "Haka zan faɗa mata?"

Na ce, "Haka."

Cikin duk shirmen da na tafka a labarin nan, wannan "haka" ɗin ita ce take ci mini rai har yau.

Ran Juma'a na taso ofis saura kusan awa ɗaya a tafi masallaci. Na ce bari in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, wankan Juma'a da maganin mura. Na haɗiyi ƙwaya biyu. (A jikin takardar an rubuta cewa tana sa barci. Ni mai taƙama da Turanci ban karanta ba.) Na cika baho da ruwan ɗumi, na tuttula sabulun ruwan da na zo da shi daga can, kumfa ta taso fari tas har wuya. Na toshe kunnuwa da auduga, na jiƙa farin tawul na rufe fuska, na miƙe ƙafa. Na ce minti goma kacal.

Sauran labarin a bakin mutane na ji shi, kuma kowa ya ba ni shi fiye da sau ɗari.

Ashe duk da saƙon da na aika mata, Inna ba ta fasa aiko abincin Juma'a ba. Gwaggo ta shigo da kwanon tuwo, ta yi sallama sau uku, shiru. Ta ga ruwa yana malalowa ta ƙarƙashin ƙofar banɗaki, don ban rufe famfon da kyau ba. Ta tura ƙofa. To, Gwaggo tana cikin matan da ake kira in za a yi wa mace wankan gawa, ta san abin sarai. Ta ga mutum a miƙe sambal, fari ya lulluɓe shi har wuya, farin ƙyalle a fuska, auduga a kunne, hannu ɗaya yana reto. Ba ta tsaya tambayar wa ya shirya ni ba. Ta ja da baya, ta saki kwano a tsakar gida, sai da ta kai ƙofar waje sannan muryarta ta dawo, ta kurma salati. Daidai lokacin kuwa jama'a suna dawowa daga masallacin Juma'a.

Kafin a sami mai hankalin da zai ce a shiga a duba, wani mai babur har ya kama hanyar Gyallesu zai kai wa Inna labari.

Malam Habu ne ya shigo da dattawa uku. Ya sunkuya yana addu'a, ya ɗaga tawul ɗin a hankali. Iska ta bugi fuskata, na buɗe ido, na ga fuskoki huɗu a kaina. Na ƙwalla ihu. Su ma suka ƙwalla nasu. Biyu suka maƙale a ƙofa da manyan rigunansu, na ukun yana tura su ta baya. Malam Habu ne kaɗai bai gudu ba, shi ma santsi ne ya zaunar da shi, rawaninsa ya faɗo cikin baho. Na miƙe zumbur. Kumfa ta daɗe da narkewa, tawul yana hannun Malam, ba abin da ya rage kusa da ni sai rawanin. Allah ya yafe mini, da shi na rufa wa kaina asiri. (Na wanke, na goge, na aika masa. Ya ce in riƙe.)

Na ga bakinsa yana motsi, ba na jin komai. Ya nuna kunnensa. Na zare auduga. Maganar farko da na ji bayan dawowata duniya ita ce, "Ka yi Juma'a?"

Na sa riga na fito. Har an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, wani ya taho da diga da shebur a kafaɗa. Ana ganina sai wuri ya ɓarke da dariya, har masu kuka suna share hawaye suna ƙyaƙyatawa. Ina tsaye, yatsuna sun yamutse kamar busasshiyar kuɓewa, ina ta bayanin yadda ake yi a Ingila. Na ɗauka kunyar ta kai maƙura.

Sai na ji wata murya daga can bakin layi, mace tana kiran sunana. Sunana na yanka, tana maimaitawa, muryar har ta dushe. Wallahi ban gane muryar ba, don ban taɓa jin sunan nan a cikinta ba. Jama'a suka dare. Inna ce. Ba takalmi, ba mayafi, ɗankwali ya zame, garin da take tankaɗe yana nan a hannunta. Daga Gyallesu ta taho da gudu, tsakar rana, ta ratsa cikin mazan da suke dawowa daga masallaci. Yatsan ƙafarta ɗaya yana jini.

Ta gan ni a tsaye. Sunan ya tsaya mata a baki. Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, sannan ta waiga ta ga inda take da waɗanda suka ji ta. Ta sa hannu ta rufe bakinta. Babu wanda ya ƙara dariya. Wata maƙwabciya ta cire mayafinta ta yafa mata.

Inna ta juya mini baya, ta dubi Gwaggo, ta yi magana a hankali, amma kowa ya ji.

"Talatu, ki gaya wa wancan, sau biyu ake yi wa mutum wanka a kwance. Na farko ina kallo aka yi masa. Na biyun, don Allah ya bari in riga shi."

Na ce a kawo mota a mayar da ita. Ta ƙi. Da ƙafa ta koma, da takalmin aro.

Kusan shekara Inna ba ta je biki ko suna ba, don mata sun samu abin zolaya: "Ashe dai kin san sunan nasa!" Mutuncin da ta yi shekara talatin tana tattali, na zubar mata da shi a yini ɗaya saboda kumfa. Ya kamata in je in durƙusa in ce ta yafe mini. Kunya ta hana ni, sai na aika da turmin atamfa, kamar wanda ya fasa kwano zai biya. Abincin Juma'a bai taɓa yankewa ba. Ganye ne dai bai sake zuwa ba. Na yi mura sau da dama bayan nan, nakan yi tari da ƙarfi a gaban Gwaggo ko za ta kai labari, amma ƙullin bai zo ba, ni kuma ban iya buɗe baki na roƙa ba. Ai ni na ce mun wuce nan.

Bayan shekara huɗu Allah ya amsa roƙonta, ta riga ni. Ina zaune a zaure ana yi mata nata wankan a cikin gida, babu abin da nake ji sai muryar nan tana kiran sunana daga bakin layi.

Bahon yana nan a bayan gida, raguna ke shan ruwa a ciki, ashe Malam Habu ya fi ni sanin amfaninsa. Ni kuwa bokiti da 'yar kujera, kamar kakana. In mura ta kama ni, ni nake tsinko darbejiya in tafasa da kaina, in lulluɓa da bargo. Zufa tana fita, amma ƙamshin ba ɗaya ba ne.

Darasin da na koya bai fi biyu ba. In za ka kwaikwayi Bature, ka kwaikwaye shi har sakata. Kuma in uwarka ta aiko maka da ganye, ka karɓa hannu biyu ka ce an gode. Ni dai sai da na mutu na ji sunana a bakin tawa, kuma ba kowa ake bari ya mutu ya dawo ba.