Jatau da Tukunyar da Ya Ƙi Saukewa

A ƙauyen Tsamiyar Dogo akwai wani mutum mai suna Jatau, yana zaune a gidan yayarsa Kande, mai dafa abincin biki. Duk maganar da aka gaya masa, yadda ta fito haka yake ɗaukarta.

Wata rana duba-gari Malam Shekarau ya leƙo gidan, ya ce, "Ƙwayoyin cuta in kaɗan ne jiki yana fin ƙarfinsu, yawansu ke kayar da mutum. A rage su." Yana fita Jatau ya juye miya a faranti, ya tsince duk wani baƙin ɗigo ya watsa wa kaji.

Kande ta dafe ƙirji. "Daddawata ka zubar?"

"Yaya, na rage su."

Wata rana kuma ya ji an ce kada dafaffen abinci ya zauna fiye da awa biyu. Sai ya ɗauki tukunyar wake a ka, ya yini yana zaga gari cikin rana. Da la'asar waken ya yi tsami.

"Wallahi bai zauna ba," in ji shi.

"Kai, Allah ya shirye ka! Lokaci ne ke sa ƙwayoyin cutar su hayayyafa!" in ji Kande.

Washegari ya cire batirin agogon bango. Kande ta kai abincin suna bayan kowa ya watse. Kwana uku ba ta kula shi ba.

Wata rana ana walima a gidan mai unguwa, Kande ta ɗora miyar nama a madafarta, ta ce wa Jatau, "Kada ka sauke sai na dawo." Aka riƙe ta wajen wata mai naƙuda. Jatau ya yi ta zuba ruwa yana iza wuta. Baƙi suka biyo shi har gida suka zage shi, ya ƙi saukewa. Itace ya ƙare, ya ɓalle ƙofar madafa ya cusa a murhu. Masu gajen haƙuri suka koma kan wata miyar da aka ajiye tun hantsi, ta yi ɗumi-ɗumi.

Kafin gari ya waye mutum sha ɗaya suna asibiti ana ƙara musu ruwa. Waɗanda suka jira miyar Jatau, ko cikinsu bai murɗa ba.

Malam Shekarau ya zo har gida, ya ce, "Kande, ƙanen nan naki ya ceci rabin unguwa."

Kande ta kalli akuyar da ke cikin madafa, kanta a buhun gero.

"To, Malam, shiga ka gaya wa akuya."