Kashe-Ja da Ƙofar Gilashi

Kai, Allah ya yi baiwa a hawa na uku! Can teburin babban injiniyan manhaja yake, wanda abokan aiki ke kira Kashe-Ja. Idan kwamfuta ta ja wa wani jan layi a rubutunsa, sai ya tsaya ya yi tunani. Shi kuwa gogan, tunani ai aikin ƙananan ma'aikata ne.

Aka ba shi aikin rubuta manhajar ƙofar gilashin ɗakin taro: ta karanta muƙamin da ke jikin katin mutum, ta nemo shi cikin jerin muƙamai, ta buɗe. Kwamfuta ta ja layi. Wai wa ya tabbatar kowane muƙami yana cikin jerin? A fayyace muƙaman, ko a faɗi abin yi in ba a samu ba.

"Ni za ki titsiye?" in ji shi, yana ɗaga murya don na bayan ofis su amfana. "Ina wannan sana'a tun kina ƙarfe a ƙasa!"

Ya buga kalma ɗaya mai nufin "ko ma mene ne". Ja ya ɓace. Ya miƙe ya zaga tebura yana karɓar barka, har daga waɗanda ba su yi niyya ba.

To, ga kujerar shugaban sabon sashe ta taso, shi da wata injiniya ke nema. Kowa zai yi jawabi gaban mai kamfani da manyan baƙi. Kashe-Ja ya dubi katinsa, ya ga "injiniya" ta yi masa kaɗan. Ya matsa wa ofishin ma'aikata lamba sai da aka buga masa sabo: Babban Jagoran Hangen Nesa. Girman kai dai rawanin tsiya.

Ranar taro ya bari kowa ya zauna, don babba ba ya riga jama'a shiga. Ya manna kati. Shiru. Ya goge shi a kwat, ya sake. Ƙofa ta nemi Jagoran Hangen Nesa a jerinta, ba ta san da zamansa ba, ba a kuma faɗa mata abin yi in ba ta samu ba.

Gilashin kuma mai kauri ne, ba ya wuce da sauti. Yana kallo aka kira sunansa, aka waiga, aka miƙa wa abokiyar takararsa makirufo. Ya buga, ya yi tsalle, ya ɗaga hannu biyu, gumi na tsiyaya.

Babbar baƙuwa ta hango shi, ta sunkuyo wajen mai kamfani.

"Mai gyaran ƙofarku ya iso, ranka ya daɗe. A ce masa ya jira mu gama."