Rasuwar Dattijo, Had-dis ɗin Injiniya Gwadabe

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da baki kuma da ya ƙi rufuwa don murna, Injiniya Gwadabe na Ƙofar Mazugal, mutumin da ya ce duk cikin badala shi kaɗai yake gane ciwon kwamfuta daga jin numfashinta, kuma shekara goma sha ɗaya bai taɓa buƙatar kwance ko noti ɗaya ba, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar had-dis ɗinsa, wato rumbun da kwamfutar shagonsa take ajiye komai a ciki, wanda aka fi sani da Dattijo. Ya rasu ranar Talata da hantsi, bayan doguwar jinya da gajeriyar kulawa.

Ƙanwarsa Shamsiyya ce ta rubuta wannan sanarwa, kamar yadda ita take rubuta duk abin da ake rubutawa a shagon. A waya ta yi, saboda dalilin da aka ambata a sama. Yayan nata yana tsaye a kanta yana gyara mata inda ba kuskure.

Ba wanda ya san shekarun marigayin. Ɗan gwanjo ne, ya zo daga ƙasar waje a cikin wata baƙar kwamfuta, ɗauke da hotunan wasu Turawa da karensu a cikin ƙanƙara. Bai taɓa cewa yana kewar su ba. Ya riƙe wa unguwa katin biki, da takardar neman aiki, da hoton fasfo na mutanen da har yau ba su je ko Wudil ba. Duk wanda ya zauna da shi ya shaide shi da haƙuri, kuma ya koya wa mutane da yawa. In aka kunna shi da safe, mutum zai je ya sayo ƙosai, ya tsaya ya gaisa da mai shayi, ya dawo ya tarar da shi yana gyaran murya: kirrr, kirrr, ƙyas. Bai taɓa yin gaggawa ba, ko da mai aiki yana tsaye da ɗan sahu yana jiran sa a waje.

Ciwon ajalinsa ya fara ne ranar da Injiniya ya ga labari a waya cewa wani kamfani zai fito da sabon SSD. Ga waɗanda ba injiniyoyi ba, shi ma rumbu ne, sai dai siriri kamar cingam, ba abin da yake juyawa a cikinsa, ba ya nishi, ba ya tari. Tun daga ranar Injiniya bai ƙara cin abinci ya san abin da ya ci ba. Ya raɗa wa sabon rumbun suna Magaji. Ya sa aka buga hotonsa daidai girmansa, ya liƙa ɗaya a bango, ya sa ɗaya a aljihun gaba. A bencin ƙofar shago ya shaida wa jama'a cewa Magaji yana kwashe megabayit dubu bakwai kafin ƙiftawar ido. Da mako ya zagayo sun zama dubu goma sha huɗu. Ranar da wani malamin makaranta ya zauna a bencin, sun kai dubu talatin, kuma Injiniya ya ce in aka sa Magaji, kwamfutar za ta riƙa buɗewa tun mutum yana niyyar danna ta.

Ranar fitowarsa ma Injiniya ya sani, shi kaɗai. Bayan ƙaramar salla ce. Da ta wuce, ya ce kamfanin ya ɗaga zuwa babbar salla don ya ƙara masa gudu. Daga nan aka ce yana jirgin ruwa, sai aka ce guda arba'in kacal za a kawo Najeriya, kuma wani mutum a Dubai da ba a taɓa jin muryarsa ba ya sa sunan Injiniya na uku a layi. Duk wannan yabo a gaban Dattijo ake yin sa, yana ji, yana aikinsa. Shamsiyya ta lura a lokacin ne kirrr ɗinsa ya fara zuwa da wani sabon sauti a ƙarshe: tak, tak, tak.

Ita dai ba injiniya ba ce. Iliminta bai wuce karanta takardar da ake samu cikin kwali da kallon masu gyara a waya ba. Da wannan ɗan ilimin ta ce wa Yaya a kwafe kayan Dattijo a wani wuri tun yana da sauran numfashi. Injiniya ya yi mata dariya cikin tausayi. Ya ce kaya masu daraja ba a wahalar da su da tashi biyu. Sau ɗaya za su tare, kai tsaye gidan Magaji. Tak-tak ɗin kuwa, ya kara kunne ya saurara, ya ce sanyi ne.

Cikin kayan masu daraja akwai hotunan bikin Halima, 'yar Hajiya Asibi mai zoɓo da ƙanƙara ta bayan shago. Injiniya ne ya ɗauka da kansa, tun daga kamu har kai amarya, hoto ɗari takwas da 'yan kai, har da wanda Hajiya ta fito a leshinta mai ruwan goro, ta ce a wanke mata shi babba. Ya zuba su cikin Dattijo, ya goge katin kyamara don zai je ɗaukar hoton wani suna washegari. Dangin ango na Maiduguri sun bugo waya sau shida suna tambaya.

Ranar Talatar, Dattijo ya ce kirrr. Ya ce tak. Ya sake cewa tak, a hankali. Bai ƙara ba.

An yi iya ƙoƙari. Injiniya ya taɓa jin cewa Turawa suna farfaɗo da irinsa da sanyi, don haka Shamsiyya ta ciro shi da tsinin wuƙa, Injiniya kuwa ya kau da kai, ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki ganin cikin ba. Aka naɗe majinyacin a leda aka kwantar da shi a firizar Hajiya Asibi, tsakanin kunun aya da zoɓo, ba tare da an gaya mata cewa bikin 'yarta ne kwance a ciki ba. A kwana na biyu aka ɗauke wuta. A na uku aka fito da shi jajawur, yana ƙamshin citta da kanumfari. Waɗanda suka ga gawar sun ce ba su taɓa ganin Dattijo da kyau haka ba.

Ya rasu ya bar kwamfuta ɗaya da take kunnuwa ta rasa wanda za ta gaisar, da firinta mai takaba, da kibod da harafinsa ɗaya ya riga shi tafiya, da Hajiya Asibi, wadda tun da ta ji hotunan suna cikinsa take zuwa ta'aziyya kullum da safe tun kafin a buɗe shago. Injiniya ya kwantar mata da hankali. Ya ce ƙarfin Magaji ya kai in aka soka shi a kwamfutar, aka ajiye gawar kusa da shi, zai zuƙo hotunan ɗaya bayan ɗaya, har leshin sai ya fi fitowa. Da wannan alƙawari aka samu kwana tara na zaman lafiya, kuma shi ya sa aka daɗe ba a yi jana'iza ba, abin da unguwa ba ta saba gani ba.

Yanzu dai an tsayar da rana. Za a ɗauki marigayin ranar Asabar bayan la'asar daga ƙofar shago zuwa wurin Baffa ɗan jari bola, inda za a ɗora shi a sikeli cikin girmamawa. Ba za a yi gumba ba. Za a raba zoɓo, daga wata firizar daban. Ana roƙon masu zuwa kada su tambayi ranar fitowar Magaji, don an sake ɗagawa.

Walimar tarbar Magaji da aka shirya yi bayan jana'iza kuwa an soke ta. Jiya da Baffa ya zo ganin gawa, ya nemi a nuna masa ɗakin da za a sauki baƙon. Injiniya ya zaro hoton aljihu, ya karya tsinken tsintsiya daidai tsawonsa kamar yadda ake auna kabari da kara, ya leƙa cikin kwamfutarsa karo na farko a shekara goma sha ɗaya. Ya gwada tsinken a tsaye, ya gwada a kwance, ya haska da fitilar waya, ya hure ƙura. Hajiya Asibi tana tsaye a bayansa.

"Gwadabe ɗan nan," in ji ta, "ta ina leshin nawa zai fito?"

Baffa ya ce shi bai yi boko ba, amma irin wannan kwamfutar yana fasa uku kafin azahar, kuma bai taɓa ganin wadda take da ramin da ake soka wannan abin ba. An ƙera ta tun kafin a san za a yi shi.

Hajiya Asibi za ta zauna a bencin gaba ranar Asabar. Ta nemi a ajiye wa Injiniya wuri kusa da ita.