Babbar Rigata da Barkonon Inna

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da aka ɗaura auren ƙanena Sagir a Malumfashi, kuma ko ni na so in manta, dangin matarsa ba za su bar ni ba. Amma kafin mu isa Malumfashi, sai na fara gaya muku yadda injin wanki ya shigo gidana a Funtua, don shi ne ummul'aba'isin komai.

A gidan wani abokin aikina na Kaduna na fara ganinsa. Irin wanda ake buɗewa ta sama ne, ka ɗaga murfi ka zuba kaya, ga kuma ɗan'uwansa a gefe mai busarwa. Tun daga ranar raina bai kwanta ba sai da na sayo duka biyun. Na kuma tabbatar motar da ta kawo su ta iso da la'asar, daidai lokacin da 'yan majalisar unguwarmu suka cika gindin dalbejiya. (A cikin kwali suka zo. Ni na sa aka yage kwalin tun a ƙofar gida, wai don a duba ko sun bugu a hanya.)

Mai ɗakina Rabi ta zagaya su ta dawo, ta ce, "Abban Ummi, famfonmu rabonsa da ruwa tun kafin azumi, wuta kuma ka san halinta. Da me zai yi wankin?"

Na ce mata matsalar mutanenmu ke nan, a kawo musu ci gaba har cikin gida, su tsaya suna tambayar ruwa.

To, ruwan dai daga wurin 'yan garuwa muka riƙa saye, ina kamfata da bokiti ina zubawa ta sama. Wuta kuwa tsohon janaretana ne ya shiga uku, da zarar na kunna mai busarwa sai ka ji ya canza murya, ƙwan lantarkin falo ya koma ja. Wankin farko na auna garin sabulu da tafin hannu yadda ake yi wa baho, kumfa ta ɗago murfi ta bi tsakar gida har ƙofar kicin. Sai kuma babbar matsalar: simintin tsakar gidanmu a karkace yake wajen magudana, don haka duk lokacin da injin ya zo matse kaya sai ya kama rawa yana tafiya. Na yanka tsohon silifas na cusa a ƙarƙashin ƙafafunsa, bai daina ba. A ƙarshe dabarar da ta yi aiki ita ce in hau kan murfin in zauna har ya gama. Ku ƙiyasta magidanci da gemunsa, mai ofis da kujera a kamfanin gurzar auduga, zaune a kan inji haƙoransa na karo da juna. Ƙawayen Rabi sun taɓa sallama suka same ni a haka, a haka kuma na amsa gaisuwa.

Amma duk wannan bai fita waje ba. A majalisa ni ne mai wa'azin zamani. Na yi wa masu shanya a igiya dariya, na yi wa masu baza kaya a kan katanga dariya. Har cewa na yi ni yanzu a gidana ko rana ta fito ko kar ta fito, ba ruwana. Allah ya yafe mini wannan magana.

Sai bikin Sagir ya matso. Mahaifinmu ya rasu, ƙanensa da ya saba karɓar mana aure kuma ciwon ƙafa ya kwantar da shi, don haka aka ce ni zan zama wakilin ango, karo na farko a rayuwata. Waliyyin amarya shi ne wan mahaifinta, Baffa Ɗanlami, wani dattijon manomi da tun farko bai so auren ba. Cewa ya yi 'yan bokon Funtua rawar kai ta yi musu yawa, ba zai ba su 'ya ba. Da ƙyar da siɗin goshi, bayan dattawa sun yi ta safa da marwa, ya ce to. Sagir ya same ni har ɗaki ya ce, "Yaya, don Allah ranar ka faɗi abin da ake faɗa kawai ka yi shiru. Tsohon nan dalili yake nema."

Na ji haushi ƙwarai. Na tambaye shi ko ya taɓa jin an kama ni da rawar kai.

Ana cikin haka Inna, mahaifiyarmu, ta iso daga Gozaki da buhun barkonon gonarta, wanda za a daka yajin biki da shi. Ƙarshen damina ne, sama ta ƙi ɗagawa. A baza barkono a tabarma, hadari ya taso, a kwashe. A sake bazawa, a sake kwashewa. Har ya fara fumfuna, Inna ta shiga damuwa. Ni kuwa ina gefe ina murmushin wanda Allah ya kawo wa ranarsa.

Na ce, "Inna, a gidan nan ake neman rana? Ku ba ni shi."

Ta ce, "Kai, abin wanki kuma da abinci? Ina aka taɓa haka?"

Na ce ai zafi zafi ne, inji bai san riga ba, bai san barkono ba. Rabi dai ta kwashi yara ta shiga maƙwabta. Na ɗura barkonon a tsohuwar rigar filo, na ɗaure bakin, na jefa cikin mai busarwa, na murɗa shi zuwa ƙarshen zafi. Ba a jima ba ɗaurin ya kwance. Gidan ya turnuƙe, ni tari, Inna tari, har akuyar maƙwabta sai da ta yi atishawa. Amma gaskiya ɗaya ce, barkono ya bushe ƙayau, kuma na tabbatar kowa ya ji wannan ɓangaren labarin. Na share cikin injin da tsintsiya, na goge da tsumma, na rufe. (Ashe akwai wata 'yar raga a ciki da ke tare gashin tufafi, wadda ake cirewa a kakkaɓe. Ban san da ita ba. Garin barkono ya cika ta taf.)

Ranar jajibiri ruwa ya wuni yana zuba. Rabi ta ce in kai shaddata wurin mai wanki da guga, na ce wanda ke da inji biyu a gida ba ya bin layi. Na wanke ta da kaina, na sa sitaci, na zuba a mai busarwa tare da singileti da gajeren wando da hankici. Shaddar ruwan makuba ce, ko an barbaɗa mata jan gari ba za ka gani ba. Hancina kuwa tun ranar barkono ya daina aiki, gidan gaba ɗaya ma warin yake, ba mai iya bambancewa. Na goge, na yi mata wanka da turare, na ninke.

A hanyar Malumfashi na fara jin ɗan ƙaiƙayi a wuya da ƙugu, na ce sitaci ne. Babbar rigar tana ninke a kujerar baya, sai da muka tsaya a ƙofar gidan su amarya na zura ta, don kar ta yamutse. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, jama'a maƙil. Aka zaunar da ni gaban liman, gwiwata na gogar ta Baffa Ɗanlami. Ya dube ni sama da ƙasa, ya amsa gaisuwata a taƙaice.

Kun san yadda mai babbar riga ke yi in zai yi magana a taro: ya tattaro hannun rigar ya watsa shi kan kafaɗa, dama da hagu. Ni har gwaji na yi a gaban madubi. Da liman ya ce wakilin ango ya yi magana, aka miƙo mini lasifika, na tattaro hannun dama na watsa da ƙarfi irin na manya. Na tattaro na hagu na watsa.

Liman ne ya fara atishawa. Ya ce alhamdu lillahi, jama'a suka amsa masa da yarhamukallahu. Bai rufe baki ba na kusa da shi ya karɓa, sai na bayansa. Kafin in kai ƙarshen "ina nema wa ƙanena Sagir auren 'yarku", sahun gaba gaba ɗaya ya rikice, rabi na atishawa, rabi na yi musu addu'a. Ni kuwa gumi ya karyo mini, kuma da gumi ya haɗu da abin da ke cikin singileti da gajeren wando, sai na fahimci ba sitaci ba ne. Akwai wuraren da mutum ba ya sosawa a gaban surukai. Na dinga mutsu-mutsu a kan tabarma, rigar na zamewa daga kafaɗa, ni kuma don tsabar ruɗewa ina sake watsa ta.

Baffa Ɗanlami ya fi kowa shaƙa, don shi ke gabana. Idanunsa suka kaɗa, hawaye na bin gemunsa. Wani maroƙi daga baya ya hango shi, ya ɗaga murya yana cewa a dubi dattijo mai ƙaunar zumunci, yana kukan rabuwa da 'ya. A nan ne na ga dama ta samu in nuna wa tsohon nan cewa 'yan bokon Funtua ma sun san ladabi. Na sa hannu a aljihu, na zaro hankicina a ninke, na miƙa masa da hannu biyu.

Ya karɓa. Ya dafe idanunsa da shi, ya murza sosai.

Ban taɓa jin dattijo ya yi salati da irin wannan murya ba. Ya miƙe tsaye idanu a rufe yana laluben iska, 'ya'yansa suka riƙe shi, aka ruga neman buta. Taro ya hargitse. Sai na fara jin maganganu ƙasa-ƙasa daga ɓangaren dangin amarya: da ma an san bai son auren, ga shi sun zo da abu a hankici za su makantar da shi. Wani matashi ya ɗauki hankicin da tsinke yana nuna wa mutane. Wani ya ce a tashi, ba aure yau. Na waiga na ga Sagir a bakin rumfa cikin fararen kayansa, ya ɗora hannu biyu a ka. Wallahi tausayinsa ya fi barkonon cin raina.

Ba ni da wata mafita. Lasifika na hannuna, na miƙe na ce, "Jama'a, ku yi haƙuri, ba asiri ba ne. Barkono ne. Ni na busar da barkonon Innarmu a injin busar da kaya, sannan na busar da rigata a ciki."

Kowa ya juyo yana kallona. Liman, yana share hanci, ya ce, "Malam, a cikin me?"

Sai da na maimaita, da bayani, har da rigar filo. Lasifikar kuwa mai kyau ce, matan da ke cikin gida ma sun ji. Daga can ciki dariyar ta fara, ta fito zaure, ta mamaye rumfa. Har direbobin da ke jira a bakin titi sai da suka zo ganin mai injin.

Aka dawo da Baffa Ɗanlami, fuska jiƙe, idanu jajur. Ya zauna ya dubi jama'a. Sannan ya ce, "Na faɗa muku rawar kai gare su, kun ce ƙiyayya ce. To ga ta nan kun shaƙa da hancinku." Ya juya wajen Sagir ya ce, "Amma yaron nan tun da yake zuwa bai taɓa ƙona ni ba. Zan ba shi. Shi wannan ya tuɓe rigar, ya koma can ya nema."

Can ɗin da ya nuna wajen rumfa ne, kusa da inda aka jera babura. A nan na tsaya cikin yayyafi, ba babbar riga, ina ɗaga murya ina neman aure daga nesa, ƙafafuna a wawware saboda dalilin da kuka sani. Baffa Ɗanlami ya ce ya bayar, na ce na karɓa, aka shafa fatiha. Ba wanda ya miƙo mini hannu. Wasu dai sun ɗaga mini nasu daga inda suke.

Sagir da matarsa suna nan lafiya, har sun yi 'ya'ya. Ni kuma dangi sun yi shawara a bayan idona sun sauke ni daga wakilci, yanzu aikina a ɗaurin aure shi ne nuna wa baƙi inda za su ajiye mota. Abin da na koya kuwa ba shi da yawa, amma na riƙe shi da kyau: in ka ga dattijo yana hawaye a taro, ka bar shi da hawayensa, kada ka taimaka.