Usur a Bayan Motar Albasa

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi, ranar kasuwar Jibiya ba, duk da na so ƙwarai in manta. Lokacin na gama makarantar koyon aikin lafiya, ina zaune a gida ba aikin fari balle na baƙi, ga shi kuma ina neman auren Saratu. Mahaifinta, Malam Idi, fataucin wake yake yi tsakanin Maraɗi da Jibiya, kuma ya riga ya rantse ba zai ba zauna-gari-banza 'yarsa ba. Sai ya ga abin da nake yi da idonsa kafin manyana su taka ƙofar gidansa.

Ana cikin haka aka tara matasa a asibiti, aka ce kowa ya zaɓi ƙungiyar sa kai da zai shiga. Akwai ta rigakafi, amma su yawo suke yi gida-gida har ƙauyukan Riko da Farfaru da akwatin ƙanƙara a kafaɗa. Wa zai gan ni a can? Ta ba da jini kuwa ko tsayawa ban yi ba (ni da na karanci lafiya, har gobe in za a yi mini allura sai na kau da kai). Sai na hango teburin 'yan tsaftar kan iyaka. Riga mai sheƙi suke bayarwa, da hula, da usur, kuma a Magama ake tsayawa, dab da 'yan kwastan, daidai inda Malam Idi yake wucewa. Shugabar ƙungiyar, Madam Talatu, tana cikin bayani ni kuwa na riga na zura rigar. Ko kalma ɗaya ban ji ba, hankalina yana can kan yadda zan riƙa ɗaga wa motoci hannu.

Sai da muka isa na san aikin. Ashe da bahaya a fili muke yaƙi. Direbobi da 'yan kasuwa kan daɗe suna jira a duba kayansu, in ta matsa wa mutum sai ya zaga bayan mota, ga masu tuwo da masu fura nan kusa. Dokarmu ita ce duk wanda ka ga ya tsuguna ka busa masa usur, sauran su taho suna busawa, a nuna masa makewayin da aka gina. Raina ya ɓaci, amma bakin alƙalami ya bushe. Kuma in faɗi gaskiya, da na tayar da mutum biyu-uku suna gudu riƙe da wando, sai abin ya fara yi mini daɗi.

Ranar Lahadin nan, wajen la'asar, na hango buta a bayan wata motar albasa, ga wani ya tattare babbar riga ya ba ni baya. Na lallaɓa kamar mage, na cika kumatu na busa iyakar ƙarfina, har da ƙarin, "Tashi, dattijo, ba ka jin kunya?" Ya waiwayo. Malam Idi ne.

To, mai hankali gudu zai yi. Ni kuwa tarbiyya ce ta yi mini yawa. Tun ina yaro aka koya mini ba a tsayawa a kan suruki, don haka kafin kaina ya yi aiki har na tuɓe takalmi (a wannan wurin fa), na zube na tsuguna a gefensa, kai a ƙasa.

"Baba, ina wuni? An zo lahiya? Ya hanya?"

Bawan Allah bai amsa ba, don ba a magana a wannan hali. Gyaran murya kawai ya yi. Ni kuma na ɗauka amsawa ce, na ci gaba da tambayar mutanen Maraɗi. Ya sake gyaran murya kamar maƙogwaronsa zai tsage. A haka 'yan ƙungiyarmu suka iso da gudu, suka tarar da mutum biyu a jere, ɗaya ma da rigar aiki, suka buɗe mana usur gaba ɗaya. Masu fura suka leƙo. Madam Talatu ta riƙe haɓa ta ce, "Kai da munka aiko ka hana, kai ma sai ka zamna?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Takalmin ma can na baro shi. Na yi kwanaki ban leƙa waje ba, na yi wa Saratu bankwana a zuciyata, har da ƙwalla. Ita ce ta kira ni a waya, dariya ta hana ta magana, da ƙyar ta isar da abin da mahaifinta ya faɗa wa mahaifiyarta: "Yaron nan hankali dai babu, amma ladabi kam akwai. Shi turo manyanshi, gara a ruhe maganar ga cikin gida."

An yi auren. Har yau ni da Malam Idi ba mu taɓa haɗa ido ba, dangi kuma sai yabon kunyarmu suke yi. Ni dai na koyi cewa ladabi ma yana da muhallinsa. Ba duk babban da ka tarar a tsugune ne yake jiran gaisuwarka ba.